Koren Labule a Bayan Sarki

Greensboro, Amurka
Farkon watan Maris

Yaya Zinariya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara da jikoki. Yaya ƙafar taki? Kina dai shan maganin da na aiko miki, ko kin ɗora shi a kan kwaba kamar yadda kika saba, kina jira ya warkar da ke daga can? Yaya Mai Martaba da mutanen fada? Mu nan lafiya lau muke, sai sanyin da ya ƙi yi mana sallama. 'Yata Salwa tana gaishe ki, amma da Turanci, don har yanzu in na yi mata Hausa da Turanci take ba ni amsa.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa a zamanin waya. To, wayarki ba taki ba ce ke kaɗai. Duk saƙon muryar da na turo sai an kunna shi a tsakar gida, har mai tallan fura ta sha labari. Maganar da ke cina kuwa ba ta tsakar gida ba ce. Shi ya sa na ba Malachy, ɗan garinmu da ke zirga-zirgar kaya tsakanin nan da gida, ya sa miki ita a hannu. In kin karanta ki ɓoye ta.

Ƙungiyar 'yan Tudun Marke mazauna Amurka ta yi taro a gidan shugabanta, Alhaji Lawal, can Summerfield inda maƙwabtansa duk masu kiwon dawakai ne. Bayan an ci an sha, sai ya miƙe ya ce ya kamata mu yi wa Sarkinmu kyauta a bikin zagayowar ranar naɗinsa da za a yi da damina. Ba mota ba, ba agogo ba. Wai hoto, kuma ba na kyamara ba, na zanen hannu da fenti, ƙato, irin wanda ake ratayewa a fadojin manyan ƙasashe. Kowa ya tafa. Ni ma na tafa don kada a ce, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Yaya, wannan Lawal ɗin fa shi ne ƙanen Dakta Abdulmuhaimin, wanda ya nemi gadon sarautar nan tare da Yayanmu bai samu ba. In ke kin manta, ni ban manta ba. Shi ne ya riƙa tura saƙonni daga nan yana cewa a wannan zamani bai kamata gari ya faɗa hannun wanda bai gama sakandare ba. Su ne suka laƙaba masa Sarkin Tasha. Yau kuma shi ne mai ɗokin a ga fuskar Yayanmu a bango? Yaushe wannan ƙauna ta tsiro ban sani ba?

Ya ci gaba da bayani. Za a zana Sarki zaune a kan karaga, da rawani mai kunne biyu, da alkyabba, da sandar girma a hannu. Har nan babu laifi. Sai ya ce a bayansa kuma za a jera littattafai, kanta guda cike, don a nuna cewa Sarkin Tudun Marke mai ilmi ne. Da ya faɗi haka sai na ga ya kalle ni ta wutsiyar ido, ya yi sauri ya kau da kai. Wallahi na gan shi.

Ke ma kin san inda hankalina ya tafi. Duk Tudun Marke babu wanda bai san Yayanmu ya bar makaranta a aji uku ba, da Baba ya rasu, ya bi motar albasa yana yaron mota har ya zama direba. Babu wanda bai san don ni ya bari ba, don in ci gaba da karatu. Wannan aikin jinya da nake tinƙaho da shi a asibitin Turawa, a kan hanyar Legas aka samo shi. To ki duba mini: a rataye hoton nan a zauren fada, mutane su zo gaisuwa, su zube, su ɗaga kai su ga direba a gaban tulin littattafai. A gabansa za su ce Allah ya ja zamanin Sarki, in sun fita su riƙe ciki don dariya. Wani ya ɗauka da waya ya watsa. Kuma hoto ba magana ba ce da za a manta, yana nan a bango har jikokinmu su zo su tarar.

A mota, muna komawa gidanmu a unguwar Sedgefield, na faɗa wa maigidana, Abban Salwa, abin da na hango. Sai ya yi dariya ya ce ni ko inuwata ban yarda da ita ba. Amma bai kalle ni ba ko sau ɗaya, ya kafe ido a kan titi, ya kama zancen gyaran mota. Mutumin da ya saba jan musu da ni har ƙofar gida.

Ban isa in faɗa wa Mai Martaba ba. Wayarsa tana hannun Shamaki, kuma ko na same shi, da wane baki zan ce masa ana shirin yi masa ba'a da rashin karatunsa? Abin da nake roƙonki shi ne ki kasa kunne. Ki ji abin da matan gidan Dakta suke faɗa a wajen biki da suna. Ni kuma zan sa ido a nan.

Ki gaishe mini da Malam da kowa da kowa. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Rumasa'u

Greensboro
Ƙarshen watan Afrilu

Yaya Zinariya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fata kina lafiya, da duk mutanen gida. An ce zafi ya yi tsanani bana, Allah ya kawo ruwa lafiya. Amsarki ta iso, tare da daddawa da kuka, Allah ya saka da alheri. Nan kuwa itatuwa sun yi fure, kowa sai atishawa yake yi.

Kin ce gidan Dakta shiru, har shi Daktan ya je fada gaisuwar Juma'a ya zube kamar kowa, don haka in bar maganar in kama aikina. Yaya, ke kam Allah ya yi ki da farar zuciya. Ni wannan shirun ne ma ya fi tayar mini da hankali. Mutanen da ba sa iya riƙe magana, yanzu duk sun kama bakinsu a lokaci ɗaya?

Na je na ga hoton. Mai zanen sunansa Elnathan, mutumin Pankshin ne, yana koyar da zane a jami'ar da ke gabashin gari. Matarsa Yemima abokiyar aikina ce, ɗaki ɗaya muke jinya, don haka ban nemi izinin kowa ba, na bi ta gida bayan mun tashi. Ɗakin aikinsa yana bayan gidansu, sai warin fenti da mai. Da ya gan ni a bakin ƙofa sai da ya razana. Kafin ma ya amsa gaisuwata ya fizgi wani ƙyalle ya rufe abin da ke kan tebur. Na yi kamar ban gani ba.

Gaskiya mutumin ya iya aikinsa. Hoton ya kusa kai ƙofa tsayi. Daga hotunan waya da bidiyon naɗi ya fitar da fuskar, amma da na tsaya a gabanta sai na ji kamar in durƙusa. Idanun nan nasa ne, har da yadda na hagun yake ɗan ƙanƙancewa in zai yi dariya yana dannewa. Na yi hawaye, ba zan ɓoye miki ba. Shekara nawa rabona da ganinsa ido da ido.

Elnathan ya ba ni kujera, ya ɗauko wani ƙaton littafi mai ɗauke da hotunan sarakunan da, na ƙasashen Turai da na Turkawa da na Indiya, yana buɗewa yana yi mini bayani kamar ɗalibarsa. Ya ce a hoton sarki babu abin da ke shiga bisa kuskure. Takobi ko sanda suna cewa mai iko ne. Littafi ko taswirar duniya suna cewa mai ilmi ne. Kare a gindin ƙafa yana cewa talakawa suna biyayya. Labule a baya kuma yana cewa ba kowa ke ganin wannan mutum ba, an ɗan yaye maka ne ka leƙa. Ya nuna mini wani da aka ce gajere ne ƙwarai, amma an zana shi daga ƙasa har ya cika shafin, da wani da aka ɗora hannunsa a kan littafi alhali an ce ko sunansa da ƙyar yake rubutawa. Ya ce shi mai zane ɗan aike ne kawai, hoton kuwa saƙo ne, kuma in kana so ka gane saƙon sai ka san wanda ya aiko shi. Na ce a raina, ai ni na san wanda ya aiko wannan.

Sai na duba hannun. Yaya, hannun da ke riƙe da sandar girma hannun direba ne. Ga kaushi, ga jijiyoyi, ga tabon nan na ƙunar ruwan lagireto daga wuyan hannu har babban yatsa, ya fito raɗau. Na tambaye shi me ya sa bai gyara ba, tunda ya gama gaya mini ana ƙara wa gajere tsayi. Ya ce ya so ya sassauta shi, amma Alhaji Lawal ya ce a bar shi yadda yake, kada a rage ko ɗigo. Kin gani ko? Hannun tasha a gaba, littattafai a baya, don ko makaho ya gane abin da ake nufi.

Littattafan bai gama su ba tukuna, sai dai siffarsu, wani ja, wani shuɗi, wani ruwan ƙasa, babu rubutu a jikinsu. Na tambaye shi waɗanne littattafai ne za a sa. Ya sosa ƙeya ya ce an ɗaure masa baki, in yi haƙuri. Na ce wa ya ɗaure? Ya kalli Yemima, Yemima ta kalli ƙasa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na cikin gidana. Wata Asabar ina wanke-wanke sai na hango Abban Salwa ta taga, ya fito daga gareji da kwali a hannu, yana waige-waige, ya tura shi a bayan mota ya rufe a hankali. Da na tambaye shi ya ce tsofaffin kaya ne zai kai inda ake karɓar sadaka. Bayan kwana biyu Yemima ta yi suɓutar baki ta ce ta ga maigidana a gidansu tare da Alhaji Lawal, sun shigar da wani kwali ɗakin zane. Na san manyan littattafansa ne na injiniya, waɗanda ko ni ba na gane kansu. Wato a gidana aka ari kayan da za a yi wa ɗan'uwana dariya da su. Ina zuba masa abinci, yana ci, muna hirar makarantar Salwa, amma ina kallonsa kamar baƙo. Ban san me Lawal ya yi masa alkawari ba. Wataƙila sarauta, tunda yanzu kowane namiji a nan so yake a naɗa masa rawani ya sa a hoton wayarsa.

Ki taya ni da addu'a, zuciyata ba daɗi. Ki gaida mutanen gida.

Taki,
Rumasa'u

Greensboro
Watan Yuni

Yaya Zinariya,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya damina? Ina fata an samu shuka, kuma ƙafa ta bar ki kin yi zirga-zirgar shirin biki. Mu lafiya ƙalau. Ki yi haƙuri da rubutuna yau, a gurguje nake yi, Malachy gobe zai tashi, kuma hoton yana cikin kayansa.

Kin riga kin ga baƙinku. Alhaji Lawal da Abban Salwa sun taho a matsayin wakilan ƙungiya, ni kuma asibiti sun hana ni hutu. Kujera ɗaya suka zauna a jirgi, kamar tare aka haife su. Hoton suka bari a baya don a ƙarasa shi ya bushe, Malachy ya biyo su da shi. Da na ji haka na ce Allah ne ya ba ni dama.

Da na ji sun isa gida sai na tafi gidan Yemima. A falo na zauna, na ƙi shiga ɗakin zanen. Na ce wa Elnathan gidan sarauta ba ya son littattafan nan, a cire su. Ban ce Sarki ne ya aiko ni ba, amma ban ce ba shi ba ne. Ya ce ai ya gama su, har rubutun jikinsu ya yi, kuma a duk hoton babu inda ya ɓata wa lokaci kamarsu. Ya roƙe ni in taso in gani da idona kafin in yanke hukunci. Har Yemima ta kama hannuna tana ja. Na ce ba zan je in tsaya ina sha'awar cin mutuncin ɗan'uwana ba, ko da ruwan zinariya aka rubuta shi.

Ya ce to bari ya kira Alhaji Lawal, tunda shi ya ba shi aikin. Ya kira bai shiga ba, ya kira maigidana bai shiga ba. Kin san wayar garinmu, sai an hau dutse. Na ce masa ciki ɗaya muka fito da Sarki, nono ɗaya muka sha, to wane ne Lawal da maganarsa za ta fi tawa? Na ce in hoton ya tafi a haka aka yi dariya a fada, sunansa ne a gindin hoton, ba na Lawal ba. Wannan ce ta kama shi. Sai ya ce abu ɗaya ne zai iya rufe wurin ba tare da an ɓata sauran ba, wato labule. Na ce madalla, ai shi da bakinsa ya ce labule alamar girma ce.

Ya yi shi kore, mai geza ruwan gwal, ya sauko daga sama har bayan karaga. Ya turo mini a waya na gani. Yanzu Sarki ne kawai da sandarsa, babu abin da wani zai nuna da baki. Hannun dai ya ce ba zai taɓa ba, na bar masa, tunda babu littattafan hannun ba zai zama abin magana ba.

Ya kamata a ce ina murna, kuma ina yi. Sai dai tun ranar, ni da Yemima gaisuwa kawai take haɗa mu a wurin aiki, shi kuma Elnathan da ya turo hoton ko kalma ɗaya bai rubuta ba. Na san mai sana'a ba ya son a taɓa masa aiki, zai huce.

Ga aikinki. Ranar biki ki samu wuri kusa, in an yaye mayafin hoton kada ki kalli hoton, ki kalli fuskar Lawal da ta yayansa Dakta. Ki riƙe mini komai, ki hau dutse ki kira ni. A wannan karon ko a tsakar gida kika kunna ban damu ba.

Allah ya sa a yi taro lafiya a tashi lafiya.

Ƙanwarki,
Rumasa'u

Greensboro
Watan Yuli

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Tudun Marke,

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara. Bayan gaisuwa irin ta girmamawa, ina fata Sarki yana cikin ƙoshin lafiya, da iyali da hakimai da dukan jama'ar gari. Ina taya Sarki murnar biki, Allah ya maimaita mana. Tun da aka yi naɗi ban taɓa rubuto wa Sarki takarda ba. Na roƙi Yaya Zinariya ta miƙa wannan hannu da hannu, kada ta bi ta wajen Shamaki.

Ranka ya daɗe, ni ce na sa aka rufe littattafan. Ba laifin Alhaji Lawal ba ne, ba na mai zane ba ne, ba na Abban Salwa ba ne. Babu wanda ya sani a cikinsu sai mai zanen, shi ma tilasta masa na yi da sunan gidanmu.

Yaya Zinariya ta kira ni ranar biki. Ta ce da aka yaye mayafin zaure ya ɗauki kabbara da guɗa, amma Sarki ya daɗe yana kallo. Ta ce Sarki ya yafito Alhaji Lawal, ya yi masa tambaya a hankali, Lawal kuwa ya tsaya baki buɗe yana kallon labulen, zufa tana keto masa. Sannan Sarki ya ce ya yi kyau, a rataye, ya shiga gida, bai fito zaman yamma ba. Da na ji Lawal ya yi zufa har na yi 'yar guɗa a cikin kicin. Rashin fitowar Sarki ce ta tsaya mini a rai, na rasa inda zan ajiye ta.

Washegari Yemima, matar mai zanen, ta zo wurin aiki da kwali, ta dire shi a gabana ta ce mijinta ya ce a mayar wa mai shi. Na buɗe ina tsammanin littattafan injiniya. Tun kafin in ga komai warin ya gaya mini, don har yau suna ɗan warin albasa da baƙin mai. Littattafaina ne, waɗanda na kulle a tsohuwar akwatina a gareji na manta da su. Ga ƙamus ɗin da bangonsa ya rabu Sarki ya ɗinke da zaren buhu. Ga littafin sassan jikin mutum mai jan bango, da shatin babban yatsan Sarki na baƙin mai a gefensa. Ga na lissafi, ga na ungozoma, ga na magunguna. Har da mai shuɗin bangon nan na kiwon lafiyar dabbobi, wanda Sarki ya sayo mini a Ibadan bisa kuskure don bangonsa ya yi kama da wanda na kwatanta, na yi ta dariya, Sarki ya ce in riƙe, wata rana zan yi jinyar wani mai taurin kai kamar jaki. A ƙasan ɗakin hutun ma'aikata na zauna, sai da aka samu wadda ta karɓi aikina.

Da yamma Abban Salwa ya hau dutse ya kira ni, ya faɗa mini sauran. Ya ce bara da Alhaji Lawal ya je gaisuwa ya nemi gafarar abin da ya wuce, Sarki ya shigar da shi ɗaki ya ba shi wannan aiki da kansa, don gidajen biyu su san an yafe da gaske. Ya ce Sarki ya ce tunda ana zana sarakuna da littattafai, shi ma yana da nasa, waɗanda ya ɗauko a gaban mota daga kudu zuwa arewa, kuma karatunsu yana can Amurka yana jinyar mutane. Ya ce Sarki ya ce a bar hannun da tabonsa, don da shi aka saye su. Kuma kada a gaya wa Rumasa'u sai ta gani a bango, don in ta ji za ta hana. Ashe Sarki ya san ni fiye da yadda na san kaina. Ban ji ba ma na hana.

Wata huɗu ina zargin kowa. Na zargi mutumin da ya tuba, na zargi mijina a kan amanar da Sarki ya ba shi, na zargi shirun mutane. Ina cewa tsare mutuncin Sarki nake yi kada a yi masa dariya. Yanzu da na zauna na duba, duk cikin masu hannu a hoton nan babu wanda ya ga abin kunya a barin makarantar Sarki sai ni, wadda aka bar ta dominta. Wannan ne ke hana ni cin abinci.

Na kira Alhaji Lawal na ba shi haƙuri. Na koma wajen Elnathan, wannan karon na shiga ɗakin da ƙafata. Na tambaye shi ko ya kankare littattafan kafin ya sa labulen. Ya ce hannunsa bai iya ba. Suna nan yadda ya zana su, da zaren buhun da shatin yatsan, labulen kuma shafin fenti ɗaya ya yi masa marar kauri. Ya ce in an dawo masa da hoton zai iya ɗaga koren a hankali. In kuma an bar shi, fentin mai yana yin shara-shara in ya tsufa, abin da ke ƙasa ya riƙa fitowa da kansa, sai dai ba lalle mu da ke raye mu gani ba. Amma ya ce ko yanzu, in hasken hantsi ya shigo zaure ta gefe, wanda ya tsaya kusa zai ga tudun bayan littattafan a ƙarƙashin labulen, saitin kafaɗar Sarki ta hagu.

Hukunci na Sarki ne. In Sarki ya ce a dawo da hoton, ni zan zo in ɗauke shi da kaina, ko asibiti sun ba ni hutu ko ba su ba ni ba. Kafin nan na ba Malachy kwalin. In Sarki ya yarda, a kafa katako a ƙarƙashin hoton a jera su, duk wanda ya tambaya a gaya masa na wane ne da yadda aka same su. Guda ɗaya na riƙe, mai shuɗin bangon, tunda mai taurin kan da za a yi jinya ta bayyana.

Ina gaida iyali da dukan mutanen fada. Allah ya ƙara wa Sarki haƙuri da mu.

Yaya, ka yafe mini.

Ƙanwarka da ka kai makaranta,
Rumasa'u